Tsaraba da haja: yadda za ka wuce teburin kwastam da kayanka cikin mutunci

Duk wanda ya sayi waya a Farm Centre, ko turmin shadda a Kantin Kwari, ko katan ɗin madara a Singa, ya biya kuɗin fito ko da bai taɓa taka filin jirgi ba. Ɗan kasuwa ne ya miƙa kuɗin a tashar ruwa ta Apapa, amma daga aljihun mai saye na ƙarshe suke fita. Shi ya sa da zarar an ji za ka Umara, ko Dubai, ko an ji ɗan'uwa zai zo hutu daga Ingila, sai sautu ya yi ta shigowa. Wannan na son waya, waccan na son abaya, Baba na son na'urar awon jini, amarya na son turare. Kowa ya san can ya fi araha. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwatin nan da aka cika da sautu, idan ya iso gida, a idon doka zai iya tashi daga tsaraba ya koma haja.

Ni sana'ata sayar da abaya da mayafi da turare ce a Kano, kuma na daɗe ina hawa jirgi saboda ita. Yana yi min ciwo in ga dattijuwa ta dawo daga ibada tana tsaye gaban tebur tana rawar murya a kan kayan da ba nata ba ne, kuɗin da ake nema kuma ba ta da su. Mafi yawan irin wannan ana iya kauce masa tun daga gida, kafin a ɗaure kaya.

Fara da sanin yadda ake lissafin

Tun 2015 Najeriya ke aiki da jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS. Matakai biyar ne: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin 100. Kayan da ake ɗauka na dole ne ga rayuwa suna ƙasa, kayan da masana'antu ke sarrafawa suna tsakiya, su kuwa kayan da aka gama ƙerawa, irin waɗanda ni da kai muke sawa ko muke shafawa, akasarinsu a kashi 20 suke. Kashi 35 na kayan da gwamnati ke son kare masu yin su a gida ne. Wasu kayan kuma ana ɗora musu ƙarin haraji na musamman a kan wannan, kamar shinkafa da motoci.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce to kashi 20 ne, ba laifi. Ba a nan ya ƙare ba. Na farko, ba a kan kuɗin da ka saya kawai ake lissafi ba, ana haɗawa da kuɗin dako da na inshora. Na biyu, akwai ƙananan caji da ke biyo baya, sannan harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, ya hau kan jimillar gaba ɗaya, har da kuɗin fiton da ka riga ka biya.

Ga misali da tsarin da aka daɗe ana bi. A ce kayanka da dakonsu sun kama dala 1,000, kuma suna matakin kashi 20. Kuɗin fito dala 200. Ƙarin kashi 7 na shi kuɗin fiton, dala 14. Harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya, dala 5. Cajin duba kaya na kashi 1 na farashin saye, a ce dala 9. Ka haɗa duka da dala 1,000 ɗin, ya zama 1,228, VAT a kansa dala 92. Abin da za ka biya ya kama wajen dala 320. Wato kayan da aka ce maka kashi 20 ne, sun tashi a kusan kashi 32. A 2025 an fito da wani cajin kashi 4 na farashin saye, wanda dokar kwastam ta 2023 ta tanada. Aka fara karɓa a Fabrairu, 'yan kasuwa suka yi kuka aka dakatar, aka dawo da shi a Agusta, aka sake dakatarwa a Satumba. Don haka ƙananan cajin nan, ka tambaya a makon da za ka taso.

Amma abin da ya fi karya mu ba kason ba ne, canji ne. Da dala ake ƙiyasta kaya, da naira ake biya. Kafin Yunin 2023 kwastam na lissafin dala a kan naira 422. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai lissafin ya yi ta hawa, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Dala 320 ɗin nan da a da take naira dubu 135, ta koma dubu 480, alhali ba a ƙara ko kashi ɗaya a jadawalin ba. Abayar da nake sayarwa mace ta ɗauki biyu ta ce a ajiye mata ta uku, yanzu ɗaya take juyawa a hannu tana tambaya ko akwai mai sauƙi. Masu ɗinki na gida sun samu kasuwa, kuma na yi musu murna da gaske, sai dai yadin da suke yankawa da zaren da keken duk ta wannan ƙofar suka shigo.

Dala 300, sau huɗu a shekara

Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata kowane matafiyi ya haddace. Daga 8 ga Satumban 2025, kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, ko a akwatin fasinja suke ko an aiko su ta kamfanin aike, ba a biya musu kuɗin fito. Sau huɗu a shekara mutum zai ci wannan rangwame, kuma bai shafi kayan da aka hana shigowa da su ba. Kafin nan iyakar naira 50,000 ce, kuɗin da a ƙarshe ko takalmi mai kyau ba ya saye. An samu sauƙi, ba shakka. Amma ka tuna waya ɗaya sabuwa mai ɗan suna ta cinye dala 300 ɗin ita kaɗai.

Kayan jikinka da ka saba amfani da su daban ne: tufafinka, wayar da ke hannunka, kwamfutar aikinka, agogonka. Waɗannan ba su ne ake nema ba. Abin da jami'i ke dubawa shi ne sabo ne ko tsoho, guda nawa ne, kuma iri ɗaya ne ko daban-daban. Abaya uku masu launi daban, girman jiki ɗaya, ta Hajiya ce. Abaya dozin biyu a leda, kowacce da tambarin shago, daga ƙarama har babba, ko da gaske rabawa za a yi a dangi, kamar haja take. Haka waya: ɗaya a aljihu, ɗaya a kwali, magana mai sauƙi ce. Shida a kwali da ledarsu, ka shirya biya.

Sautu

Nan ne zan daɗe, don nan mutanen kirki suke shiga wahala. A al'adarmu da wuya ka ce wa maƙwabci ba za ka riƙo masa abu ba. Amma akwatin da ke ɗauke da sunanka, kai ne mai shi a gaban hukuma, ba wanda ya aike ka ba.

Abin da nake yi, kuma nake gaya wa duk wadda ta zo min sallama za ta tafi, shi ne a buɗe littafi tun a gida. Sunan mai sautu, abin da yake so, kuɗin da ya bayar. Sannan a faɗa masa a fili, da murya mai daɗi: "Yaya, idan an caje ni diyuti a kan kayanki, ke za ki biya, zan kawo miki rasit." Wanda ya amince, to. Wanda ya ɓata rai, gara ya ɓata yanzu da a zo ana jayayya bayan an dawo da gajiya. Idan sautun ya yi yawa har ya wuce ƙa'ida, sai a zaɓi na dattawa da na marasa lafiya, sauran a ba su haƙuri.

Na taɓa tsayawa a bayan wata baiwar Allah da muka dawo jirgi ɗaya daga Jidda. Jami'in ya buɗe jakarta ta farko, dabino ne da carbi da dadduma da jallabiyoyin yara, ya rufe. Ya buɗe ta biyu, sai ga kwalayen waya jere a ƙarƙashin zannuwa, an naɗe kowanne da mayafi.

"Hajiya, waɗannan fa?"

"Wallahi ɗana ban san adadinsu ba. Wani yaro ne ɗan unguwarmu da ke zaune a can ya ce in kai wa yayansa."

"Akwai takardar sayensu?"

Babu. Ba ta san farashinsu ba, ba ta san ma irinsu ba. Tunda babu rasit, da farashin da ke cikin na'urarsu za a yi lissafi, ita kuma abin da ya rage mata a lalita bai wuce kuɗin motar gida ba. Naɗewar da aka yi musu da mayafi ita ta ƙara ɓata lamarin, don ta sa abin ya yi kama da ɓoyo, alhali matar nan ko kusa ba ta da wannan niyya. Haka na bar ta a kan benci tana neman lambar yayan yaron.

Wannan ma da sauƙi, waya ce. Ƙullin da ba ka ga cikinsa ba, kada ka karɓa, ko daga wa ya fito. A Maris na 2025 jami'an kwastam a filin jirgin Malam Aminu Kano sun kama sama da dala miliyan ɗaya da riyal dubu ɗari da wani abu da aka ɓoye a cikin kwalayen dabino, a kayan da suka zo daga Saudiyya, kuma kotu ta mallaka wa gwamnati kuɗin. Wanda ya ba ka saƙo ya buɗe shi a gabanka, ka taɓa da hannunka, ka ɗaure da kanka. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Tunda maganar kuɗi ta zo: idan kana ɗauke da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa a riyal ko fam ko sefa, dole ka bayyana, da fita da shigowa. Bayyanawa kyauta ce, ba a cire maka ko sisi. Rashin bayyanawa ne ke sa a rasa kuɗin a kuma gurfana gaban alƙali.

Ɗaurin kaya da tsayuwa gaban tebur

Rasit shi ne lauyanka. Duk abin da ka saya, karɓi takarda mai sunan shago da kwanan wata, ka ɗauki hotonta a waya, don takardun injin nan rubutunsu na gogewa da zafi. Kada ka roƙi mai shago ya rage farashi a takarda. Jami'an suna ganin irin kayan nan kullum, sun san kuɗinsu, kuma da zarar an gane takarda ɗaya ta bogi ce, sauran na gaskiyar ma sun zama abin zargi.

Ka ware sababbin kaya a jaka guda, na jikinka a wata. Ka rubuta jerin sababbin a takarda ɗaya da farashinsu da jimilla. Idan ka iso kuma ka san sun haura ƙa'ida, kada ka bi layin waɗanda ba su da abin bayyanawa, ka nufi tebur da kanka, ka yi sallama, ka ce, "Yallaɓai, ina da kayan da zan bayyana, ga lissafinsu." Wanda ya kawo kansa da wanda aka tsayar, ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Idan kuɗin da aka yanka maka ya fi abin da ka lissafa, ka tambaya cikin ladabi a wane mataki aka sa kayan, da wane canji aka yi amfani. Kana da damar neman ganin babban jami'in da ke bakin aiki. Ɗaga murya ba ya rage ko kwabo.

Sannan ka biya ta hanyar da ke fitar da takardar gwamnati, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka da bayanin kayan. Wannan ba don tsoron Allah kaɗai ba, ko da yake shi ne kan gaba. Kayan da suka fita daga filin jirgi ba su gama haɗuwa da kwastam ba. Akwai jami'an sintiri a kan manyan hanyoyi, kuma idan za ka wuce da kaya Katsina ko Gusau ko Azare, wannan takardar ce za ka nuna. Kuɗin da aka miƙa a dunƙule a hannu ba ya barin shaida.

Mata masu gwal, ku saurara. Sarƙa da awarwaron da kika fita da su daga gida, ki ɗauki hotonsu a jikinki kafin tafiya, in akwai rasit ɗin Kasuwar Rimi ki riƙe shi, don kada a dawo a lissafa su cikin sababbi. Wanda kika saya a Makka ko Dubai kuwa sabon kaya ne kamar kowane, kuma ɗan kunne ɗaya ya isa ya haura dala 300.

Akwai kayan da ko ka yarda za ka biya ba za a karɓa ba, don an hana shigowa da su: gwanjo, kajin ƙanƙara, taliya, man girki da aka tace, tsofaffin firji da na'urar sanyaya ɗaki, da wasu magunguna na yau da kullum irin su farasitamol idan na sayarwa ne. Na san za ka ce ai Ƙofar Wambai cike take da dilolin gwanjo. Haka ne, ta bayan gida suke shigowa, kuma kasadar da kuɗin hanyar duk suna cikin farashin rigar da talaka ke saye. Jirgin nan marar matuƙi da samari ke ɗaukar hoton biki da shi, da rediyon oba-oba, da duk wani abu mai kama da kakin soja, suna buƙatar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kada ka sayo wa ɗanka irin wannan jirgi a matsayin abin wasa ba tare da takarda ba.

Idan kai baƙo ne, ko ɗan gida mai zuwa hutu

Ƙanena da ke aiki a Ingila, duk zuwan da zai yi sai ya kira ni: "Yaya, me zan taho da shi, me zan bari?" Amsata ba ta canzawa. Ya taho da abin da shi kansa zai buƙata wanda a nan tsadarsa ta yi yawa ko kuma jabunsa ya fi na gaske yawa: maganinsa, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, madarar jaririnsu idan wata iri ce ta musamman, cajar kwamfutarsa. Maganin da ke da kodin ko tiramadol a ciki kuwa, in ba da takardar likita ba, ya bar shi can, don wannan ya wuce maganar kwastam ya shiga ta NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Tsarabar dangi kuma ya rage ta. Ya zo da kuɗinsa ya sayi yadi a Kwari, takalmin fata da jaka a Kurmi, ya raba. Kuɗin ƙarin kilo a jirgi da kuɗin fito, idan aka haɗa, sau da yawa sun cinye arahar da ake gani a can.

Baƙon da bai saba ba zai yi mamaki a manyan kantuna: cukulan da man wanke gashi da cuku na Turawa sun fi yadda ya san su tsada, alhali tuwo da tsire da kuɗin adaidaita sahu kusan kyauta ne a lissafinsa. Wanda ya ci abin da ƙasa ke nomawa ba zai ji nauyin harajin nan sosai ba.

Mai dawowa gida gaba ɗaya yana da nasa rangwamen. Idan ka zauna a waje aƙalla wata tara, kayan gidanka da ka yi amfani da su suna shigowa ba tare da kuɗin fito ba, matuƙar ba na sayarwa ba ne. Akwai takardar da ake cikewa ta kayan da ba su biyo fasinja ba. Ka neme ta da zarar ka sauka, kada ka jira sai kwantena ta iso. Mota ba ta cikin wannan rangwame.

Ta ƙasa, da ta kago

Masu shigowa ta Jibiya ko Illela ko Maigatari ko Kongolam, dokar ɗaya ce, sai dai idon jami'ai a can ya fi karkata ga shinkafa da mota da mai. An hana shigo da shinkafar waje ta iyakokin ƙasa, an kuma hana shigo da motocin sayarwa ta nan tun farkon 2017. Mun ga abin da rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya yi wa farashin abinci da kuma zumuncin Katsina da Maraɗi. Ɗan'uwan da zai zo biki daga Damagaram da motarsa ya tsaya a bakin iyaka ya karɓi takardar shigar mota ta wucin gadi, ya lura da ranar ƙarewarta. Kai kuma mai sayen mota 'yar Kwatano a cikin gari, kafin ka biya, ka kai lambar jikin motar ofishin kwastam a tabbatar an biya mata diyuti na gaskiya. In ba haka ba, ranar da aka tare ka a hanyar Kaduna, kai za a sauke, ba dillalin ba.

Idan kayanka sun kai na kasuwa, daina wahalar da akwati. Ka ba 'yan kago, waɗanda ke karɓa a kan kilo daga Dubai ko Guwanzu ko Alƙahira su damƙa maka a Kano. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka sa hannu: kuɗin kilon nan har da fito da kiliyarin, wato fitar da kaya daga hannun kwastam, ko dako ne kawai? A rubuta amsar a takarda. Akwai wani kamfani da ya taɓa ce min komai na ciki, da kaya suka iso sai ga sabon lissafi, kuma ba ni da abin nunawa sai maganar baki. Tun daga nan nake neman a rubuta. Ka ɗauki hoton kowane ƙunshi a kan sikeli, lambar kilo na fitowa. Wanda harkarsa ta kai kwantena kuma, ya nemi ejan mai lasisi, ya buɗe Form M, takardar rajistar shigo da kaya, ta bankinsa tun kafin a loda kaya, sannan ya tambaya ko za a iya wuce da ita kai tsaye zuwa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, a yi kiliyarin a nan gida maimakon a Legas.